Jajayen Kajin Baba Shekari

A unguwar Nasarawa da ke kudu da kogin Kaduna, idan baƙo ya tambayi gidan Shekari Yakubu, sai a yi ta kallon juna. Amma da zarar ya ce gidan Baba mai jajayen kaji, ko mai tallan gyaɗa za ta nuna masa ƙofa. Dogon mutum ne mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya iya magana a hankali, domin ƙarar injin saƙa ta cinye masa kunnen hagu tun yana da ƙarfinsa. Ya zo Kaduna yana saurayi daga wani ƙauye da ke bayan Zonkwa, ya sami aiki a wata masaƙa a Kakuri, ya tsaya gaban inji ɗaya har gashin kansa ya yi fari. Bai taɓa zama shugaban ma'aikata ba, bai kuma nema ba. Abin da ya sa sunansa ya shiga gidaje shi ne abin da mahaifiyarsa ta miƙa masa cikin kwando ranar da zai hau jirgin ƙasa, wato sagara ja da ɗan zakara ja.

A gidansu can ƙauye akwai wata al'ada. Duk wanda zai kafa gidan kansa, babba a cikin dangi yakan ba shi sagara ɗaya, ana kiranta kazar sabon gida. Idan ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, sai a zaɓi mace ɗaya daga ƙyanƙyasar farko, a rene ta, a mayar wa wanda ya bayar, don kada akurkin mai kyauta ya taɓa zama kango. Shekari ya ɗauko wannan al'ada ya dasa ta a tsakiyar birni. Ba a ɗaura aure a cocinsu ba tare da ya aika da sagara ba, ko angon ɗan garinsu ne, ko mutumin Filato, ko na Binuwai. Su kuma ba sa mantawa da mayarwa. Ta haka jajayen kajin nan masu faɗin ƙirji suka bazu daga Nasarawa zuwa Kakuri, suna fita daga gidansa suna komawa gidansa. Lokacin da aiki ya ja baya a masaƙa aka sallame shi a ƙarshen mulkin soja, bai zauna zaman makoki ba. Ya faɗaɗa akurki da katakan tsofaffin akwatunan zare, shi da matarsa Mama Celina suka riƙe gida da ƙwai da 'yan tsaki.

A farkon shekarar 1999, lokacin da gari ya cika da hotunan 'yan takara, wani abu ya fara damunsa. 'Yan tsaki sukan ƙyanƙyashe lafiya, sai bayan 'yan kwanaki wasu su takure, fukafukai a ƙasa, kashi ya manne musu a baya, su mutu. Iyayen kuwa garau, suna cin dusa suna ƙwai. Ya yi abin da kowane mai kiwo yake yi a unguwar: ya sayi kafso a kemis, ya fasa a ruwan sha. A da hakan yakan tsayar da mutuwar. A wannan karo bai tsayar da komai ba. Ya ƙara yawan kafson, ya share akurki, ya zuba toka, ya ɗora laifin a kan zafin bazara.

Ana cikin haka sai Dorcas, matar ɗansa, ta haihu. Ta zubar da jini da yawa, don haka Mama Celina ta shiga haɗa mata abin da iyaye mata suka amince da shi wajen ƙarin jini: ɗanyen ƙwai a kaɗa shi cikin madara. Ƙwan kuwa na gida ne, da ɗuminsa ake ɗaukowa. Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe Dorcas, ga gudawa ga amai, har nono ya ɗauke. Aka kwantar da ita a asibiti ana ƙara mata ruwa, jaririya tana kuka a hannun kaka. Da likitan ya ji labarin ɗanyen ƙwai, sai ya ce a nemi likitan dabbobi ya duba kajin.

Baba Shekari ya ji wannan magana kamar an zage shi. Amma da ya leƙa ɗakin asibitin ya ga yadda idanun surukarsa suka faɗa, bai yi musu ba. Ya aika aka kira Eunice, likitar dabbobi, wadda aka haifa a layinsu, wadda kuma shi da kansa ya ba ta kazar sabon gida ranar aurenta. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗebi jinin kaji da kashinsu, ta kankare ɗan katakon akurki, ta naɗe matattun 'yan tsaki, ta kai ɗakin gwaji a Zariya. Dorcas ta riga ta dawo gida tana takawa da kyar kafin sakamako ya fito.

Ranar da Eunice ta dawo, ta same shi yana watsa wa kaji dawa. Ta ƙi zama a kujera, ta jawo turmi ta kifa ta zauna ta gefen kunnensa mai ji.

"Baba, ƙwayar cutar da aka samu a jikin Dorcas, irinta ce a cikin kajinka."

"Waɗannan?" Ya nuna su da hannu. "'Yata, dubi ƙirjinsu. Dubi idonsu. Wace ce mara lafiya a nan?"

"Babu. Shi ne abin tsoron. Ka san yadda jar kaza take haifar jar kaza, ba ka koya mata ba? To ita ma ƙwayar cutar nan tana da abin da take gada daga iyayenta. Ta gaji iya maƙalewa a hanjin kaza ba tare da ta kayar da ita ba. Ta gaji iya hawa har inda ƙwai yake haɗuwa, ta shige ciki tun kafin ɓawo ya rufe. Ɗan tsakon da ya mutu ya huta. Wanda ya rayu, shi zai girma da ita ya ba 'ya'yansa."

"Na ba su kafso."

"Ka ba su, Baba, shekara da shekaru. Masu raunin sun mutu, masu taurin kai suka rage suka hayayyafa. Taurin kan nan ma gadonsa ake yi, har sukan ba wa wasu ƙwayoyin da ba danginsu ba. Kuma idan suka sami tsagar katako, sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi, tsintsiya ba ta kai musu, toka ba ta kai musu."

Ya juya ya dubi akurkin da ya gina da hannunsa. Can ya ce, "Daga ina ta zo? Kajin uwata ba su da wannan."

"Ba su da ita a da. Wani cikin waɗanda ka ba ya haɗa tasa da kajin da ya sayo a wani wuri, ta ɗauka, ya mayar maka da 'yarta. Kai kuma ka ba na gaba. Ko yau ka wanke gidan nan tas, sagarar da za a kawo maka gobe za ta dawo da ita."

Ya gane abin da take nufi tun kafin ta ƙarasa. Kyautar da ta sa ake miƙewa idan ya shigo taro, ita ce take raba ciwo gida gida. Eunice ta ce za a iya cin naman idan ya dahu har ƙashi, amma ƙwai da hanji da gashi sai rami, akurki kuma sai wuta. Kuma ba nasa kaɗai ba, har na duk gidan da jar kaza ta shiga ta fito a 'yan shekarun nan, nata ma a ciki.

Ta ce tana iya zagayawa ita kaɗai ta yi wa mutane bayani, ba sai an ambaci sunansa ba. Baba Shekari ya juyo ya dube ta.

"Da na ba su, ɓoyewa na yi?"

Ranar Lahadi ya sa farar rigarsa, ya nemi izinin fasto, ya tsaya gaban jama'a bayan sanarwa. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce kajin da ya ba su suna ɗauke da ciwon da ido ba ya gani, ciwon ya kusa raba jikarsa da uwarta, kuma daga gidansa ya fita. Ya ce nasa zai fara yankawa, kowa ya zo ya gani, sa'an nan zai bi gida gida. Saboda kunnensa, ya faɗi wannan da muryar da aka ji har bakin titi.

Wannan ya zo daidai da makon da soja za su miƙa mulki. Ya yanka nasa da safe, Mama Celina da matan zumuntar coci suna figa, aka haƙa rami a bayan gida aka zuba farar ƙasa. Da hannunsa ya fasa ƙwan da kaji suke kwanci a kai. Da aka zo kan akurki, ya ce kowa ya matsa, ya zuba kananzir ya ƙyasta ashana, ya tsaya har katakon ƙarshe ya faɗi. An dafa farfesu an raba wa layi, shi bai taɓa ba. Daga nan ya shiga zagaye, Eunice tana biye da jakarta. A mafi yawan gidaje ya tarar an riga an ɗaure kajin ana jiransa. Wasu matan sun yi hawaye, wasu sun yi gunaguni bayan ya juya baya, amma an yanka. Ƙamshin farfesu ya cika Nasarawa da Kakuri, har direbobin bas suna tsokana cewa mutanen cocin nan sun fi kowa murnar mulkin farar hula.

Wanda ya tsaya masa a wuya shi ne Wilfred, mutumin Binuwai, abokinsa tun suna kan inji ɗaya a masaƙa. Ya same shi zaune a ƙofar gida da rediyo a cinya.

"Sannu da zuwa, Janar!" in ji Wilfred. "Soja sun koma bariki jiya, kai yau ka fito da dokarka? Yanzu dimokuraɗiyya ake. Kajina sun yi zaɓe, sun ce ba za su mutu ba."

"Wilfred, ba wasa na zo yi ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, Oga. Kullum sai na sha ƙwansu, ka taɓa ganin na kwanta?"

"Kai cikinka na jaki ne. Jikokinka fa?"

"Ka ba ni kaza ko ka ba ni aro? Idan kyauta ce, tawa ce. Je ka da likitarka."

Baba Shekari ya tsaya a ƙofar nan har rana ta take, bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. Wilfred ya ƙara murya a rediyo. A ƙarshe Baba ya juya ya tafi, kuma abokan nan biyu suka daina gaisuwa. Abin da ya kawo ƙarshen kajin Wilfred shi ne matarsa. Ta bari ya tafi layin fansho, ta kira Eunice, kafin ya dawo tukunya tana tafasa. An ce ya yi faɗa har maƙwabta suka fito, sa'an nan ya cinye kwano biyu.

Damina ta sauka, gidan Baba Shekari ya yi shiru. Mutumin da ya saba tashi da carar zakara ya koma tashi da ƙarar bas. Yakan fito tsakar gida da kwanon dawa a hannu, sai ya tuna, ya mayar. Eunice ta ce a bar wurin ya huta, a kankare ƙasa, a yi daɓen siminti, kafin a sake kawo wata kaza. Wasu suka ba shi shawara ya sayi farare na gidan gona, masu saurin girma. Ya ce shi ba farar kaza ya rasa ba. Ya aika ƙauye a tambaya, aka dawo masa da labarin cewa jajayen gidansu sun ƙare tun wata annoba da aka yi shekarun baya. Ya amince cewa irin da uwarsa ta ba shi ya yanke a hannunsa, ya daina maganar, ya kuma daina zama a ƙofar gida.

Wata rana suna cin tuwo Mama Celina ta ce, "Akwai gidan da ba ka je ba."

"Na je ko'ina."

"Ba ka je gidan Gloria ba."

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. Gloria ɗiyar wani abokin aikinsa ce, wadda ya ba kazar sabon gida tun zamanin farar hula na baya. Ta bi mijinta suka koma Unguwar Sanusi, ba ta taɓa mayar da sagara ba. A duk waɗanda ya ba, ita kaɗai ta yi haka, shi kuwa ya cire ta daga bakinsa. Ko a jana'iza suka haɗu, yakan juya mata kunnen hagu.

"Wadda ta ci amanar al'ada?"

"Ita fa. Ba ta kawo maka ba, ba ka sake ba ta ba. Gidanta da katanga, kuma ka san rowarta, ba ta sayen kazar kowa. In akwai inda ciwon nan bai shiga ba, can ne."

"Ni in je in roƙi Gloria?"

"To zauna. Girman kai zai yi maka ƙwai."

Ya yi kwanaki yana jujjuya maganar. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, bin al'adarsa ne ya kashe kajin masu biyayya, saɓa mata kuma mai yiwuwa ya tsirar da na mai laifi. Duk da haka wata safiya ya sa hularsa, ya hau bas, ya haye gada. Tun daga zaure ya ji kukan kaji. Da Gloria ta buɗe ƙofa ta gan shi, sai ta dafe ƙirji.

"Baba! Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Kaji na zo gani."

"Bayan shekara nawa? Na ɗauka ka manta sunana, balle hanyar gidana." Ta durƙusa ta gaishe shi duk da haka, ta shigar da shi. Ga su nan a bayan ɗakin girki, jajaye masu faɗin ƙirji, suna tona a gindin gwanda. Ba su da yawa. Zakaran kuma ba ja ba ne sosai, akwai baƙi a wuyansa da wutsiyarsa. Baba Shekari ya tsuguna yana kallonsu.

"Me ya sa ba ki mayar ba?" ya tambaya.

"Ƙyanƙyasar farko shaho ya kwashe, Baba. Ta biyu duk zakaru. Kafin ta uku na ji an ce kana cewa ni ɓarauniyar kaza ce. Sai na ce to, bari in zama ɓarauniyar sosai."

"Ban ce ɓarauniya ba. Cewa na yi ba ki da ta ido."

"Da wannan muryar taka, kafin ta haye kogi ta zama ɓarauniya."

Ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Sa'an nan ya faɗa mata abin da ya kawo shi, bai rage komai ba, har da cewa idan gwaji ya nuna nata ma suna da ciwon, zai roƙe ta ta yanka. Gloria ta ɓata fuska, ta ce wato ya zo ne ko ya karɓa ko ya kashe. Ya ce haka ne. Ta dube shi, ta dubi kajin, ta ce a kira likitar.

Eunice ta ɗebi jini da kashi, ta kai Zariya. Da sakamako ya fito babu komai, ta ƙi yarda da gwaji ɗaya, ta bari aka ɗan jima ta sake ɗiba. Baba Shekari ya yi wannan jira yana daɓe sabon wuri da siminti, ya kafa akurkin ƙarfe da waya wanda ruwan zafi zai iya wanke kowane lungunsa, alhali bai san ko akwai abin da zai sa a ciki ba. Gwaji na biyu ma ya fito babu komai.

Gloria da kanta ta kawo su Nasarawa, kaji biyu da zakaran nan mai baƙin wuya. Ta tsaya a tsakar gida gaban Mama Celina da Dorcas, wadda ta murmure tana goye da 'yarta, ta gyara murya kamar mai wa'azi.

"Baba Shekari, tunda ka yi sabon gida, ga kazar sabon gida. Ka riƙe ta da kyau, ban da kafso."

"Ji 'yar nan," in ji shi, amma da hannu biyu ya karɓa.

'Yan tsakin da suka fito ja ne, sai dai da yawansu da ɗigon baƙi a wuya. Wilfred, wanda ya dawo gaisuwa ba tare da an yi wani sulhu ba, ya leƙa akurki ya ce waɗannan ai gwamnatin haɗin gwiwa ce. Baba bai kula shi ba, yana duba bayan kowane ɗan tsako. Duk suka rayu, ban da ɗaya da uwar ta taka.

Gab da Kirsimeti aka ɗaura auren wani saurayi mai suna Benson, makanike a Kakuri. Bayan an fito daga coci, Baba Shekari ya ratsa taro da sagara a hammata, ja mai ɗigon baƙi, wadda Eunice ta gwada a makon. Mutane suka buɗa masa hanya. Ango ya durƙusa ya karɓa, ya ce da yardar Allah ƙyanƙyasar farko zai kawo tasa.

"Ba za ka kawo ba," in ji Baba, da muryar da ta sa masu ganga suka dakata. "Daga yau wadda ta fita daga gidana ta fita ke nan. Kada ka haɗa ta da kazar kasuwa, kada matarka ta sha ƙwanta ɗanye. In kana son ka gode mini, ka zo da ƙafarka, ka wanke hannu a ƙofa, mu ci tuwo."